Hajiya Safiatou a Motar Mutum Biyu

Da cika baki sana'a ce, da tuni Yacouba ya saye rabin unguwar Harlem. Ina da ikon faɗa, don taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, tare muka tashi a Damagaram, tare muka sha wuyar New York. Shi yana da ɗan shagon turare a layi na 116, ni Hamidou ina kasa huluna da tabarau da lema a bakin titi, in zafi ya yi in haɗa da ruwan sanyi. Shagon nasa in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fito kafin a samu wurin yin musabaha, amma a bakin Yacouba sunansa kamfani.

Mutum ɗaya ce a duniya bakin nan bai taɓa ci ba, ita ce surukarsa Hajiya Safiatou. Tun ranar da manya suka je neman auren 'yarta Habsatou ta ce, "Yaron nan duk jikinsa baki ne." An dai ɗaura aure, Habsatou ta taho, amma ko sau ɗaya Hajiya ba ta taɓa sa masa albarka ba. In ya kira waya ya jero gaisuwa har ya tambayi lafiyar awaki, sai ta ce, "Lafiya," ta ce a miƙa wa 'yarta. Abin nan yana cin Yacouba a rai ƙwarai, na sani, don ni yake hana cin abinci da ƙorafi.

Da cikin Habsatou ya tsufa aka ce Hajiya za ta zo wankan jego, sai ga shi ya iso teburina yana walƙiya.

"Hamidou, na gano bakin zaren. Matar nan ba ta taɓa ganin girmana da idonta ba, ji kawai take yi. Gani ya kori ji. Zan ɗauko ta daga filin jirgi a motar da babu irinta a garin nan. Wallahi sai ta sa mini albarka a gaban jama'a!"

Na ce, "Kai da ko keke ba ka da shi?"

Ya ce in tashi mu je in ga ikon Allah.

Muka hau jirgin ruwa zuwa unguwar St. George da ke tsallake, muka isa gidan wani tsohon Bature. Ya ɗaga ƙofar gareji, sai ga wata 'yar koriyar mota ƙirar Ingila, irin ta tseren zamanin da, wadda ta girme mu duka. Ba ta da rufi, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke, in ka zauna a ciki kana iya shafa kwalta da tafin hannu. Kyau kam tana da shi, ba zan ci haƙƙinta ba. Yacouba ya ƙirga masa kuɗi, tsohon yana miƙa makulli yana share hawaye.

Yacouba ya zungure ni. "Ka gani? Kukan rabuwa yake yi."

Ni kuwa matar tsohon nake kallo ta taga, tana tafi ita kaɗai a kicin.

Kafin mu tafi, tsohon ya ba Yacouba kwali da ɗan guduma. Ya ce kwalin a riƙa shimfiɗa mata a ƙasa don tana ɗigar da baƙin mai, kuma ranar da ya ga ba ta ɗiga ba kada ya yi murna, man ne ya ƙare. Gudumar kuwa ta famfon fetur ce, yana nan ƙarƙashin wani murfi a bayan kujerar fasinja, in ya yi barci sai a ƙwanƙwasa shi ya farka. Ya ƙara da cewa ba ta son zafi, ba ta son ruwan sama, sanyi ma ba shiri suke ba.

Na ce, "To Baba, me take so?"

Ya ce, "Gareji."

Muna fita Yacouba ya jefa gudumar a kwandon shara. "Motar manya ce wannan, ba a dukanta. Raini ne irin na tsofaffi."

Da ya faka ta a ƙofar shago, Harlem ta taru. Mahamudu, mutumin Zangon Kumasi mai aski kusa da shi, ya fito da almakashi a hannu ya zagaya ta.

"Ei, Yakubu! Wannan mota ne ko takalmi?"

"Rashin sani ya fi dare duhu. Wannan da kake gani, a Ingila sai masu ƙasa ke hawa."

"To danna oda mu ji."

Yacouba ya danna oda, fitilu suka kama. Ya kunna sigina, waifa ta fara share gilashi. Jama'a suka kwashe da dariya, shi ko gezau.

"Tarbiyya ke nan. Motar Ingila ba ta yi wa mutane ihu a hanya."

Mahamudu ya leƙa ƙasa. "Ga shi kuma yana fitsari a ƙofan shagona."

"Gumi ne. Lafiyayyen inji ke nan."

Na ce, "Bar shi, Mahamudu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Duk safiyar da za a share titi, dole kowa ya gusar da motarsa. Na kowa sai ya murɗa makulli ya tafi. Yacouba kuwa sai ka gan shi da jallabiya yana turi, in an tambaya ya ce likita ne ya sa shi motsa jiki.

Allah ya sauki Habsatou lafiya, aka samu ɗa namiji, kuma jirgin Hajiya ya dace da ranar suna. An kama zauren biki a wani layi da ke gangarawa daga babban titin Grand Concourse a unguwar Bronx, kusa da gidan su Yacouba. Ana gobe suna, Habsatou ta roƙe shi a gabana.

"Maigida, don girman Allah ka bar Hamidou ya ɗauko Inna a bas ɗinsa na kaya."

"A kwaso Hajiya cikin huluna da lema kamar kayan gwanjo? Ina raye? Hamidou ya biyo mu da kaya, iyakarsa ke nan."

Bai tsaya nan ba. Ya sa Mahamudu ya fito da duk mahalarta bakin titi idan mun kusa, ya kuma sa Hamdatu matar Mahamudu ta riƙe waya ta haska wa dangi a Damagaram isowar kai tsaye. Wai kada wani ya ce ba a gaya masa ba.

Da safe aka raɗa suna a masallaci, muka kama hanyar filin jirgi, rana tana dukan tsakar ka. Yacouba ya sha farar shadda, babbar riga har tana tsayawa da kanta. Motar nan, 'yar banza, ta kai mu lafiya lau ko tari ba ta yi ba.

Hajiya ta fito. Mace ce mai jiki, ga nauyin shekaru, ga gwiwoyi masu ciwo, tana tafe a hankali a bayan jakunkunan da suka yi tsauni. Yacouba ya cire takalmi a kan siminti ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Hajiya, kun sauka lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Ta kau da kai gefe ta ce, "Lafiya."

Kun dai san mu da surukuta. Ba ya haɗa ido da ita, ba ta kama sunansa, ba sa zama a tabarma ɗaya, in suka haɗu a lungu wani sai ya sake hanya. Ni da ba surukinta ba, ni ne bakin kowa. Na loda jakunkuna a bas har kujerar gaba, sannan muka rako ta inda koriyar take.

"Hamidou, ina motar?"

"Ga ta nan, Hajiya."

"A'a, wadda zan shiga nake tambaya."

"Ita ce dai."

Ta dube ta daga hanci zuwa wutsiya. "To a buɗe mini baya."

"Hajiya, ba ta da baya."

Na waiwayi Yacouba, na ga gumi ya karyo masa. Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo masa. Kullum yana wanke motar nan yana goge ta da tsumma, bai taɓa tsayawa ya tuna cewa kujeru biyu ne manne da juna, kuma ɗayar surukarsa ce za ta zauna a kai ba.

Na ce, "Hajiya, bari in sauke kaya daga gaban bas ku shiga."

Yacouba ya taka mini ƙafa. Ya fuskanci wani turken fitila ya ce, "Hamidou, ka gaya wa Hajiya a Ingila babban baƙo gaba yake zama. Karramawa ce."

Hajiya ta ce, "Tunda ita aka kawo, ita zan shiga. Ina so in ga ƙarshen zancen."

Ta sa ƙafa ɗaya, ta nemi kujera a inda kujera ta saba zama, ba ta same ta ba, sai ta tafi gaba ɗaya, tim! Motar ta karkata. Hajiya ta yi salati. Yacouba ya yi maza ya rufe ƙofa, mariƙin ya biyo hannunsa. Ya dube shi, ya dube ni, ya zura shi a aljihu.

Da ya shiga nasa ɓangaren, kafaɗarsa ta gogi tata. Ya maƙure jikin ƙofa har rabinsa yana waje. Ya kira ni a waya, ya buɗe murya ya ajiye ta a gabansu, don a samu mai isar da magana. Haka na biyo su a baya ina jin komai.

To ga inda gizo ke saƙa. Giyar motar nan sanda ce a tsakiyarsu. Ta ɗaya da ta biyu wajen direba suke. Ta uku da ta huɗu kuwa sai ka tura sandar dama, daidai inda gwiwar Hajiya ta yi masauki. Muna hawa babbar hanyar Van Wyck, na hango shi ya miƙa hannu. Yatsansa ya shafi zanenta, ya fizge hannun kamar ya taɓa garwashi.

"A'uzu billahi!"

Daga nan bai sake gwadawa ba. Ya bar ta a giya ta biyu ya taka totur. Motar ta kama ihu, ihu na tashin hankali, amma gudun bai fi na mai keke ba. Motoci suka yi layi a bayanmu suna oda, masu wucewa suna zuge gilashi suna gaishe mu da Turancin da ba a koyarwa a makaranta.

Muryar Hajiya ta fito ta waya. "Hamidou, tambaye shi, naƙuda motar take yi?"

"Hamidou, ka gaya wa Hajiya haka muryar motar tsere take."

Na ce, "Ai ta ji. Tsakaninku ko allura ba ta wucewa."

Hajiya ta ce, "To da wa ake tseren? Don na ga kowa ya wuce."

Yacouba ya ƙara taka totur. Can kuma ta ce, "Hamidou, gaya masa ƙafafuna sun nuna. In akwai murhu a ƙarƙashin nan a rage itace."

"Ka gaya mata na'urar ɗumama ce, don ciwon gwiwa. Musamman aka sa."

Bai rufe baki ba tururi ya turnuƙe daga gaba. Muka gangara gefen hanya. Ya fito yana gyara riga, ya ɗaga bonet, ya ce shi da ya yi yaron mota daga Damagaram zuwa Agadas ba abin da inji zai nuna masa. Ƙarya ce, sau ɗaya ya je Agadas, a kan buhunan gero. Na ce ya bari ta huce. Ya naɗe hannu da gefen babbar riga ya murɗe murfin lagireto. Ruwan tsatsa ya yi tsiri sama ya dawo masa a ka. Allah ya taimake shi hula da riga suka tare zafin, amma farar shadda ta koma kalar kunun kanwa.

Muka jira ta huce, muka ɗura mata ruwan sanyin da nake sayarwa, gora bayan gora. Na ja shi gefe.

"Kai wawan Allah, giya ta biyu ce ke dafa ta. Sa ta uku mu tafi!"

Ya dube ni ido jajur. "Hamidou, tsakaninka da Allah, ka taɓa taɓa gwiwar surukarka?"

Allah ya kiyaye! Ko a mafarki na ga haka sai na yi sadaka.

Na koma wurin Hajiya na ce ta dawo bas. Ta ja mariƙin ciki, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ta dafa ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ba yadda za ta fita sai an kama ta an ɗago ta ta sama, kamar yadda ake fid da akuya daga rijiya.

Na ce, "Hajiya, ko mu kama ku mu biyu?"

Ta harare ni. "Wa? Kai da shi? A tsakiyar titin Amurka? Ba namijin da zai ɗaga ni. Wanda ya sa ni a ramin nan ya kai ni inda mata suke."

Muka ci gaba a giya ta biyu. Mun doshi gadar Whitestone ke nan motar ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu murus. Yacouba ya murɗa makulli har ya gaji. Na tsaya a bayansu na zo.

Na ce, "Famfon nan ne ya yi barci. Ina gudumar tsoho?"

Ya ce, "Wace guduma?"

"Wadda aka ce raini ce."

Hajiya ta ce a yi mata bayani. Na gaya mata akwai wani abu a bayan kujerarta da sai an doke shi mota ke tashi. Ta ce in buɗe shuɗiyar jaka, akwai muciyar da ta taho wa Habsatou da ita. Na kawo. Sai dai murfin yana bayan kafaɗarta, kuma in Yacouba zai kai gare shi daga mazauninsa sai ya rungumo ta. Ya tsaya riƙe da muciya yana kallon sama.

Ta miƙa hannu ba ta dube shi ba. "A ba ni."

Ta juya da ƙyar, ta laluba, ta ɗaga muciya ta maka. Sai muka ji ƙas-ƙas-ƙas, abin ya farka. Yacouba ya murɗa, mota ta tashi.

"Hamidou, ka gaya wa Hajiya dama haka tsarin yake. A Ingila fasinja ma yana da aikinsa."

"Gaya masa na sha kora jaki zuwa kasuwa da sanda, amma yau ne na fara shiga cikinsa."

Tun daga nan duk 'yar tafiya sai famfo ya yi gyangyaɗi, Hajiya ta maka masa muciya. Muna kan gada hadari ya taso, irin na bazarar New York da ba ya sallama. Yacouba ya ce kada a damu, akwai tamfol. Muna sauka ya tsaya ya zaro wasu ƙarafa da wani baƙin ƙyalle daga but ɗin baya, ya yi ta kokawa da su yana harhaɗawa, ya ja nan can ya ɓalle, ya ja can nan ya yage. Ƙarshe iska ta ɗauke ƙyallen ta haye katanga da shi. Na ciro lema ɗaya daga hajata na miƙa wa Hajiya. Waifa kuwa da ke aiki in an kunna sigina, yau da ruwa ya zo ta ce hutu take.

Haka muka shiga Bronx: mota tana ihu, Yacouba ya leƙo da kai gefe don ya ga hanya, Hajiya da lema a hannun hagu da muciya a dama, tana duka tana istigfari. Wani ɗan sanda ya jero da su a motarsa. Ya zuge gilashi, ya buɗe baki, ya dubi muciya, ya dubi lema, ya rufe bakinsa ya wuce. Ina jin shi ma bai san sunan laifin ba.

Kafin mu hau Grand Concourse ruwa ya ɗauke. Ni na ɗauka jikin Yacouba ya yi sanyi, zai lallaɓa ta bayan gida a fid da baiwar Allah a ɓoye. Ina! Sai na ji yana cewa, "Hamidou, kira Mahamudu, a fito da jama'a."

"Yacouba, ka dubi rigarka."

"Ba riga za a kalla ba, mota za a kalla."

Muka karya kwana muka shiga layin. Jama'a sun cika bakin titi, 'yan Nijar, 'yan Ghana, 'yan Najeriya, mata sun sha kwalliya, maza sun sha shadda. Hamdatu tana gaba da waya a sama, Damagaram tana kallo. Wata ta rangaɗa guɗa. Motar ta iso ƙofar zaure ta yi atishawa ta mutu da kanta, kamar an ce nan ne.

Yacouba ya cire giya, ya miƙa hannu zai ja burkin hannu. Burkin hannun motar nan kuwa a ɓangaren fasinja yake, kuma tun daga filin jirgi zanen Hajiya ya binne shi. Na ga hannunsa ya tsaya a iska, ya dawo. Ya dubi jama'a, jama'a suna tafi. Sai ya tsallake ƙofa ya dira a titi, ya baza jiƙaƙƙiyar riga, ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, salamu alaikum! Yau ga uwa ta zo, kuma kun ga yadda aka ɗauko ta. Wannan mota da kuke gani, tun daga filin jirgi ko sau ɗaya ba ta..."

Mahamudu ya ce, "Ei! Yakubu, motan yana tafiya!"

"Tana tafiya mana, ai abin da nake faɗa ke nan."

"Yana tafiya da Hajiya!"

Ya waiwaya. Koriya ta kama gangara a hankali, ba direba, Hajiya a zaune ƙyam da lema a buɗe tana wuce jama'a ɗaya bayan ɗaya. Wasu matan da ba su gane ba har suna ɗaga mata hannu. A ƙasan layin kuwa mararraba ce, manyan motoci suna gilmawa. Nan take dariya ta yanke.

Yacouba ya kwasa da gudu, riga tana fal-fal. Ko a wannan hali, wallahi, ihu yake: "Hamidou! Ka gaya wa Hajiya ta ja sandar da ke gefenta!"

Hajiya ta ja sandar da ta gani, ta giya, ƙululun kan sandar ya cire ya zauna mata a hannu.

Ya cim ma motar ya cafke ƙarfen baya, ƙarfen ya ɓalle ya bar shi da shi. Ya yar, ya ƙara mai, ya wuce ta, ya sha gabanta, ya juya ya kafa mata baya. Motar ta ɗauke shi tana turawa, takalmansa suka fita, ƙafafunsa suna jan kwalta, yana salati da iyakar muryarsa, bai kauce ba. Da nauyinsa ya karkatar da ita gefe, suka je suka nutse cikin tulin baƙaƙen ledojin shara da aka jibge a bakin hanya. Ledoji suka fashe. Motar ta tsaya, mararraba tana nan gabanta kaɗan.

Mata suka iso a guje. Hamdatu ta miƙa wa wata wayar, ba wanda ya tuna ya kashe. Suka kewaye motar da mayafai don sutura, masu ƙarfi suka kama hammata, aka yi bisimilla, aka ciro Hajiya. Ta tsaya da ƙafafunta a karo na farko tun filin jirgi. Ta miƙa wa Hamdatu lema da muciya, ta gyara ɗaurin zane, ta gyara lulluɓi.

Ledoji suka motsa, Yacouba ya rarrafo. Ba hula, ba takalmi, ɓawon kankana a kafaɗa, ga wani abu yana ɗiga daga gemunsa da ban so in san ko mene ne ba. Ya zo gabanta ya durƙusa, kansa a ƙasa. Yau kam bakin ya ƙare. Titi ya yi tsit, kuma na ji tausayinsa har raina, don na san abin da ya zo nema, na kuma san ya ɓarar da shi a gaban garuruwa biyu.

Hajiya ta dube shi. Ba gefe ba, shi ta duba, tsakar ido.

"Yacouba."

Mata suka dafe ƙirji. Suruka ta kama sunan suruki!

"Na taso daga Damagaram da kunyarka cike da zane, ta ƙare a hanya. An dafa ni, an jiƙa ni, an sa ni dukan ƙarfe. Ban taɓa ganin wauta irin taka ba tunda uwata ta haife ni." Ta numfasa. "Amma na ga wanda ya kafa wa mota baya saboda ni. Wannan ba aikin suruki ba ne. Daga yau kai ɗana ne. Allah ya yi maka albarka."

Titi ya ɗauka, "Amin!"

Fuskar Yacouba ta washe. Ya fara miƙewa, na ga bakin yana shirin dawowa aiki.

Ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Suruki ake jin kunya. Ɗa kuwa in ya yi wauta, uwarsa ta san maganinsa."

Ta cafke kunnensa ta murɗa, ta juya ta kama hawan layin a hankali da gwiwoyinta masu ciwo, tana jan sa. Ya biyo ta a duƙe, ba takalmi, jama'a suna darewa suna riƙe ciki, Mahamudu har ya zauna a ƙasa. Da suka zo daidai inda nake, Yacouba ya karkato da fuska, kunne a hannun Hajiya, hawaye na zuba don zafi, ya kashe mini ido.

"Hamidou, ka dai ji da kunnenka. A gaban jama'a ta faɗa."